Tambayoyi da amsoshi kan jadawalin wutar tanderu in za a lotsa gilashi mai kauri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗannan sune tambayoyin da masu koyon aikin gilashi suke ta maimaita min, mafi yawa daga nan Jidda da Makka, wasu daga Madina, har da 'yan uwanmu na Sudan. Duk digirin da zan ambata na Salshiyos ne. In kuma nace gilashi mai kauri ina nufin daga milimita 12 zuwa sama, wanda an riga an narka fallayensa sun haɗe sun zama abu guda, yanzu ana so a ɗora shi kan mazubi a bashi wuta ya lotsa ya zama faranti ko kwano.

Malam kawai faɗa min digiri nawa zan kai, sauran zan gane da kaina

Ɗan uwa wannan lambar da kake nema ita ce mafi sauƙi a duk aikin, kuma ba ita ke fasa wa mutane kaya ba. Gilashin kamfanin Bullseye mai lambar COE 90 (lambar da ke nuna yadda gilashi ke buɗewa in ya ji zafi) yana lotsawa tsakanin 620 da 677, ya danganta da faɗin mazubin da zurfinsa da nauyin gilashin. Amma abinda zai sa ka buɗe tanderu ka tarar da faranti lafiyayye ko ka tarar da shi gida biyu shine yadda ka hau zuwa wajen, da yadda ka sauko. Awa 1 kacal ake yi a can sama, wani lokacin ma bata kai ba, sauran awa 20 da wani abu duk hawa ne da sauka. Toh dan Allah ka daure ka karanta na ƙasa.

Me yasa ya tsage tun bai fara lotsawa ba, alhali ranar da na haɗa shi da gudu na hau kuma ba abinda ya same shi?

Saboda ranar farko ba gilashi mai kauri ka saka ba, fallaye ne 'yan milimita 3 ka jera kan juna, kowanne siriri ne zafi na ratsa shi da wuri. Yau kuwa dunƙule guda ne. Gilashi baya barin zafi ya ratsa shi da sauri, kamar malmalar tuwo ce, bayanta daban cikinta daban, to in wutar ta hau da gudu sai saman ya ɗau zafi ya fara buɗewa cikin kuma yana nan da sanyinsa bai motsa ba, ƙasan ma yana fuskantar mazubi wanda ke tare masa zafi, wannan ja-in-jar ce ke tsaga shi, kuma yawanci tun ƙasa da digiri 400 abin ke faruwa, lokacin da kai kana ganin ai wuta bata ma fara komai ba. Sai ya wuce wajen 540 sannan yayi laushin da wannan hatsarin zai kau.

Akwai kuma na biyu da mutane basa so a faɗa musu: in a gashin farko baka bar shi ya huce yadda ya kamata ba, to da matsinsa a ciki ya shiga gashi na biyu, ko a hankali ka hau zai iya darewa.

To da wane gudu zan hau?

Farantin da ake saba yi mai milimita 6 ana hawa da shi wajen digiri 167 a awa kuma lafiya lau. Na mai kauri ga inda ni nake farawa, kuma ra'ayina ne na mai aiki, wani zai ɗan fi haka sauri: milimita 12 digiri 80 a awa, milimita 19 digiri 50, milimita 25 kuma 30 ko ƙasa da haka. Haka zaka riƙe har 540, ka tsaya nan minti 20 zuwa 30 zafin ya daidaita, daga nan zaka iya ɗan ƙara gudu.

In tanderunka na masu tukwanen yumɓu ne, wanda wayoyin zafinsa suke jikin bango ba a murfi ba, rage gudun sosai domin gefen gilashin ne zai fara gasuwa tsakiya na baya, kuma kar ka bari bakin gilashin ya matso bango, bar masa ko santimita 5. Ka ɗaga mazubin kan 'yan ƙafafu yadda iska mai zafi zata zaga ta ƙarƙashinsa. In akwai baƙi da fari a faranti ɗaya nan ma ka rage, baƙin yafi saurin shan zafi da saurin laushi, farin mai duhun madara kuma yafi taurin kai.

Yaya, ya zan san ya gama lotsawa? Na bi jadawalin wata ƙawata amma nawa ya fito da shatin mazubi a bayansa kuma bakin ya zame

Ƙanwata jadawalin ƙawarki na tanderunta ne da mazubinta. Tanderu biyu ko kamfani ɗaya ne ya ƙera su zaki samu bambanci tsakanin abinda allon yake nunawa da ainihin zafin da gilashi yake ji. Shatin da kika gani da zamewar baki duka alamar zafi ne yayi yawa ko an daɗe a sama. Gilashi mai kauri nauyinsa na taimaka masa, da zarar zafi ya ratsa shi baya buƙatar a kai shi inda ake kai siriri, shi yasa nafi son a tsaya ƙasa a daɗe, misali 630 na minti 45 ko awa 1, akan a haura 670 na minti 10. Bayan farantin yafi fitowa sumul a haka.

Kuma dole ki leƙa da idonki. In wuta ta haura 600 sai ki fara dubawa duk bayan minti 10, ta hudar leƙe in akwai, in babu ki ɗan ɗaga murfin daƙiƙa biyu ko uku da tocila a hannu ki mayar. Abinda kike nema shine tsakiyar gilashin ta kwanta ta taɓa gindin mazubi, zaki gane ta yadda hasken da ke kwance a saman gilashin yake bin siffar mazubin babu wani fili miƙaƙƙe da ya rage. Da kin ga haka ki danna kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar tanderun, ta tsallaka zuwa zango na gaba, kar ki jira mintunan da kika saka su cika. Ki rubuta digirin da mintin a littafi, gaba shine jadawalinki.

Wajen leƙen nan ina roƙonku, Hajiyoyi ku ɗaure bakin mayafi ko hijabi ta baya, kar ku tsaya gaban tanderu da abaya mai roba-roba, kayan auduga za'a saka, da safar hannu ta zafi da tabarau mai tare hasken wuta. Maza ma masu shimagi a kafaɗa a cire shi tukuna. Iskar da ke fitowa in an ɗaga murfi a 630 fuska take nufa kai tsaye, ki kauda kai gefe kafin ki ɗaga. Ƙasa da 540 kuwa, ko a hawa ko a sauka, ba'a buɗewa sam.

Hucewar fa, da gaske sai anyi waɗannan awannin duka?

Da gaske ne wallahi, nan ne zuciyar aikin. Kamfanin Bullseye da ke Portland a Amurka ya fitar da jadawalin hucewar gilashi mai kauri, manufarsa kar bambancin zafi tsakanin ciki da wajen gilashin ya wuce digiri 5 a lokacin da yake daskarewa. Ana tsayawa a 482, da can 516 suke cewa kafin su sauya a 2009, shi yasa zaka ga tsoffin littattafai da wata lambar. Daga 482 a sauko 427 a hankali sosai, daga 427 zuwa 371 a ɗan ƙara, daga nan zuwa zafin ɗaki.

Milimita 12: riƙo awa 2, sauka digiri 55 a awa, sai 99, sai 330, duka wajen awa 5.
Milimita 19: riƙo awa 3, sai 25, 45, 150, wajen awa 9.
Milimita 25: riƙo awa 4, sai 15, 27, 90, wajen awa 14.
Milimita 38 awa 6 ne riƙonsa, saukar farko digiri 6.7 kacal a awa, sai 12, sai 40, zai ci maka awa 28. Milimita 50 kuma awa 8, 3.8, 6.8, 22, kusan awa 47, kwana biyu kenan tanderu a rufe.

Ka lura da wani abu, daga 25 zuwa 50 kauri ninki biyu ya ƙaru amma gudun sauka daga 15 ya koma 3.8, wato ninki huɗu ya ragu. Kar kayi lissafin kai kace tunda nawa ya ninka na wancan a kauri bari in ninka awannin, bazai isa ba. In gilashinka mai COE 96 ne irin na Oceanside, wajen 510 ake riƙe shi, ka duba takardar kamfanin da ka saya. Kuma kar ka haɗa 90 da 96 a abu ɗaya, ko shekara kayi kana hucar da shi bazasu zauna lafiya ba.

Daga can sama zuwa 482 ana barin tanderu ya sauko da iya saurinsa, murfi a rufe. Wasu na buɗe murfi wai ya sauko da wuri, ni bana yi da mai kauri.

Ka bamu misali guda cikakke mana

A ce faifai ne mai faɗin santimita 30, kauri milimita 19 daidai ko'ina, Bullseye, mazubin yumɓu mara zurfi. Hawa 50 a awa zuwa 540 riƙo minti 30. Hawa 80 a awa zuwa 630 riƙo har awa 1 kana leƙawa. Sauka da iya gudu zuwa 482. Daga nan ni layin milimita 25 nake bi ba na 19 ba, wato riƙo awa 4, 15 a awa zuwa 427, 27 a awa zuwa 371, 90 a awa zuwa ƙasa, dalili kuwa yanzu gilashin ya lanƙwashe, bayansa na manne da mazubi cikinsa na fuskantar iska, ɓangarorin biyu basa hucewa tare. Duka zai kama awa 27 zuwa 28.

Lokacin kunnawa ma ka lissafa shi. In ka kunna ƙarfe 6 bayan asuba, ɗakin na wajen digiri 35, zaka kai 540 wajen 4 na yamma, ka isa 630 wajen shida saura kwata, kaga leƙen zai faɗo bayan la'asar, a watannin zafi ka gama kafin magariba. Da sanyi kuma magariba na sauri a Jidda, sai ka kunna da wuri kaɗan. Abinda bana so shine mutum ya kunna da rana tsaka, lotsawar ta faɗo ƙarfe 2 na dare yana barci.

Nawa ba daidai yake ba, akwai wajen da na ɗora ado ya kai milimita 15 gefe kuma 9

Irin wannan ka auna waje mafi kauri ka ninka biyu, ka hucar da shi kamar mai wannan kaurin. 15 ya zama 30, babu 30 a jadawalin sai ka ɗauki layin 38. Hawan ma haka. Nasan zaka ce awa 28 akan ɗan faranti, eh, don siririn wajen yana riga mai kaurin daskarewa kuma a kan iyakarsu yake tsagewa.

Na samu jadawali daga Amurka an rubuta 300 da 1225 da 900

Faranhait ne. Na digirin da za'a kai, cire 32 ka raba da 1.8, 900 ya zama 482, 1225 ya zama 663. Amma na gudun hawa da sauka ba'a cire 32, rabawa kawai ake da 1.8, 300 a awa shine 167 a awa. Ka tabbatar da wanne kwantirolarka take kai kafin ka danna, 900 a Salshiyos narkar da gilashin zai yi ya malale cikin mazubi.

Da zafin Jidda ai ba sai an damu da sanyayawa ba ko?

Zafin gari digiri 40 ne da ɗoriya, gilashi kuma a wajen 480 zuwa 370 yake yanke hukuncinsa, ina ruwansa da watan Yuli. Abinda zafinmu yake canzawa ɗan kaɗan ne a ƙarshe, tanderu na daɗewa kafin ya sauko daga 100 kuma bazaka taɓa ganin digiri 21 da jadawalin Bullseye ya ɗauka a matsayin zafin ɗaki ba in wajen aikinka ba mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Hatsarinmu a nan ma shine mukayyif ɗin. Mutum ya ga allo ya nuna 60 ya buɗe ya ɗauko faranti da tawul ya shiga da shi ɗaki mai sanyi ya ajiye kan tayil ko marmara don ya ɗauki hoto, sandar awon zafi iskar tanderu take aunawa, cikin gilashi mai milimita 25 yafi haka zafi nesa. Ka bari allon ya zo daidai da zafin ɗakin, ka ɗan buɗe murfi ka ƙara barinsa, in ka ciro ka ajiye kan katako ko kwali nesa da inda sanyi ke busowa, wanki da gurza baki kuma sai washegari.

Akwatin kwantirola shima baya son zafi, kar a ajiye tanderu a saman bene rana na dukansa, kuma kar a matse shi jikin bango.

Bullseye tsada gare shi ga kuɗin kawowa, gilashin taga na kasuwa bazai yi ba?

Zai yi, ga shi ana yinsa a ƙasar nan a Yanbu da Jubail, kuma zaka samu mai milimita 10, 12, 15 har 19 a shagunan gilashi ba sai ka haɗa fallaye ba. Sai dai yafi tauri, lotsawarsa na farawa daga wajen 650 zuwa 720, riƙon hucewarsa kuma wajen 545 zuwa 550, sai ka ɗaga duk zangunan sauka daidai da haka amma gudun saukar ka barshi yadda yake na kaurin. In haɗa fallaye zakayi ka yanko su daga falle ɗaya, na masana'anta biyu ba lallai su jitu ba. Fuska ɗaya tana da ɗan saurin kuza a jikinta saboda a kan narkakken kuza ake shimfiɗa shi wajen ƙira, wani lokacin takan yi hazo in an lanƙwasa, kuma gaba ɗaya gilashin taga yafi saurin yin fari-fari a sama in akwai datti, toh ka goge shi tas, shatin yatsa da ƙurar Jidda da alamar maka duk su fita.

Wanda ake ce wa sikurit, wato gilashin da aka ƙarfafa da zafi, ka barshi, baya yankuwa, tarwatsewa yake. Mai leda a tsakiya irin na gaban mota da madubi da mai rufin launi a fuska suma kar su shiga tanderunka.

Ya manne a mazubi / wani ƙaton ƙullutu ya taso a gindin kwanon

Mannewa ko dai shafin mazubin ne yayi ƙaranci, ko ka zaɓi mazubin da bai dace ba. Farin shafin nan hodar farar ƙasa ce da alumina, ana dama kashi 1 da ruwa kashi 5, a shafa sau 5 kowanne ta wata fuska, a busar a tanderu wajen 260 na minti 20. In za'a kankare tsoho a sa takunkumi a jiƙa shi, ƙurar ba ta shaƙa bace. Ƙa'idar mazubi kuwa, yumɓu a lotsa a cikinsa, ƙarfen da baya tsatsa a kifa gilashi a kansa. Ƙarfe yafi gilashi tsukewa in yana hucewa, in gilashin na cikinsa zai matse shi, yumɓu kuma bai kai gilashi tsukewa ba, in gilashin ya rungume shi ta waje to zai shaƙe ya tsage.

Ƙullutun gindi abu biyu ne. Ko 'yan hudojin da ke gindin mazubi sun toshe da shafi iska ta rasa hanyar fita, tsinken sakace ya isa ka buɗe su kafin kowane gashi, ko kuma ka daɗe a sama har gilashin ya ci gaba da zamowa daga gefe ya rasa wajen zuwa ya turo tsakiya sama. In kwano mai zurfi kake so kar ka nemi ya sauka a gashi ɗaya, fara da mazubi mara zurfi sannan ka koma mai zurfin, gashi na biyun kuma ka ƙara rage gudun hawa. Ka ɗora ma'aunin daidaito na magina kan mazubin ma, in ya karkace kwanon zai fito baki ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Ta yaya zan gane a hawa ya fashe ko a sauka?

Haɗa gutsattsarin. In sun koma daidai kamar ba'a raba su ba kuma bakin da kaifi, bayan ya lotsa ne ya fashe, matsalar hucewa ce ko mazubi ya riƙe shi. In kowanne ya lotsa ta kansa akwai rata tsakaninsu, bakin ya ɗan dakushe, a hawa ne. Wanda bai fashe ba kuma kana so ka san lafiyarsa in gilashin na ganin haske, buɗe farin shafi a allon laftof, riƙe farantin a gabansa, ka duba ta tabarau mai folarayiz kana juya tabarau ɗin har allon yayi baƙi, duk inda ka ga haske na walƙiya a jikin gilashin matsi ne ya maƙale a wurin.

Mu nan Sudan wuta ɗaukewa take, ya zamuyi in ta tafi ana tsaka da gashi?

Allah ya kawo muku sauƙi, ya dawo da zaman lafiya. Abu na farko kar a buɗe. In a hawa ne ta tafi, in ta dawo ku ci gaba daga digirin da kuka tarar da gudun nan na hankali. In a riƙon 482 ne ko a saukar farko, kuma ta daɗe har zafin ya faɗi, ku barshi ya huce a rufe, in ya fito bai fashe ba kar ku yarda da shi, a mayar da shi cikin mazubinsa a hau a hankali fiye da na farko zuwa 482 a sake hucewar daga farko, ba sai an koma 630 ba. Gaskiya inda wuta bata da tabbas ina ganin a tsaya a milimita 12 zuwa ƙasa, hucewar awa 5 ana iya samu, ta awa 28 kuwa da wuya. Mu nan Saudiyya bireka ce tafi yi mana haka in an haɗa tanderu layi ɗaya da mukayyif, a ja masa layinsa daban.

Wutar gida zata ɗauka? Kuɗin fa?

Ka kira mai gyaran wuta ya auna tukuna, tsoffin gidaje a Jidda da Makka har yanzu wasu na kan volt 127 da 220, sabbi kuma 230 da 400. Tanderun Amurka da aka ƙera don 240 in ka bashi 220 kashi 84 cikin ɗari na ƙarfinsa zai bayar, don lotsawa zai isa tunda ba gudu muke ba. Na Turai an yi shi don wuta mai hertz 50 ne mu kuma 60 muke, wayoyin zafi basu damu ba amma ka tambayi mai sayarwa akan fanka da sauran kayan cikin akwatin. Kuɗi kuma bai kai yadda ake tsoro ba don tanderu kunnawa yake yana kashewa, a sauka ma kusan hutawa yake. Wutar gida halala 18 ce (halala 100 ke riyal 1) duk yunit har zuwa 6000 a wata, sama da haka 30, a ce gashin ya ci yunit 40, riyal 7 ne da 'yan kai, ko 12 in ka haura, banda haraji.

Baba, zan iya yin kaskon turaren wuta da shi? Ana ta tambayata

A'a 'yata, kar ki karɓi wannan odar. Garwashi zafinsa waje ɗaya yake bugawa, sauran jikin da sanyi, irin abinda ya tsaga shi a tanderu ne zai faru a falon mutane da wuta a kai. Tiren da za'a jera kwalaben humra da turare a kai, farantin dabino, kwanon alawa, duk ki yi. Ki gaya wa mai saye kar a ɗora masa butar shayi daga kan wuta, kar a saka shi a obin, in za'a wanke kuma da ruwa mai ɗumi-ɗumi, don ruwan tankin saman bene da azahar ɗin bazara kansa yana iya yi masa zafi da yawa in daga ɗaki mai sanyi aka ɗauko shi.